Lokacin da Garuruwan Jamus Suka Buga Kuɗinsu

A shekarar 1920, Bajamushen da ya bar garinsu ya tafi wani gari mai nisan sa'a guda a jirgin ƙasa yakan tarar canjin da ke aljihunsa ya daina ci. Takardar mak ashirin ko hamsin ana karɓarta ko'ina, domin ta babban bankin ƙasa ce. Amma tsabar fenik biyar da goma da hamsin, wadda da ita ake sayen burodi da jarida da tikitin mota, kusan kowane gari da irin tasa. Ta wannan gari tutiya ce mai kusurwa takwas, ta wancan baƙin ƙarfe ce da huda a tsakiya, ta gari na gaba kuwa ɗan kwali ne da sa hannun magajin gari. Jamusawa suna kiran wannan kuɗi Notgeld, kuɗin larura ke nan. Ƙasar da ta yi suna a duniya wajen ƙera injuna da jiragen ruwa ta shafe kusan shekara bakwai ba ta iya wadata talakanta da canji ba.

Kafin yaƙin duniya na farko tsarin a daidaice yake. Bayan haɗewar Jamus a 1871, dokar 1873 ta kafa mak a matsayin kuɗin ƙasa baki ɗaya, ya kuma fara aiki ko'ina daga farkon 1876. Mak ɗaya fenik ɗari ne. Mak goma da ashirin na zinariya ne, rabin mak zuwa mak biyar na azurfa, fenik biyar da goma na gaurayen jan ƙarfe da nikel, fenik ɗaya da biyu kuma na jan ƙarfe. Kowane mataki da ƙarfensa. Abin da ba a yi tunani ba shi ne, duk waɗannan ƙarafa yaƙi zai buƙace su, ko kuma tsoro zai sa a ɓoye su.

Tsoron ne ya fara. A ƙarshen Yulin 1914, da aka ga yaƙi ya tabbata, mutane suka yi ta tururuwa banki suna mayar da takarda zinariya da azurfa. Ran 4 ga Agusta gwamnati ta dakatar da canza takarda zuwa zinariya. Tun kafin nan, ran 31 ga Yuli, wani kamfanin giya a birnin Bremen ya rasa tsabar da zai biya ma'aikatansa, sai ya buga 'yan takardu na mak ɗaya da biyu da biyu da rabi. Su ake ƙirgawa a matsayin farkon kuɗin larura na wannan zamani. Garuruwan kan iyaka, musamman na gabas inda sojojin Rasha suka kutso da na Alsace a yamma, suka bi sahu, wasu da rubutun hannu da tambarin ofis kawai. Wannan zagaye na farko bai daɗe ba. Cikin 'yan watanni gwamnati ta fito da ƙananan takardu na mak ɗaya da biyu, aka janye na garuruwa, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Sai yaƙin ya ƙi ƙarewa. Ingila ta tare hanyar teku, nikel da jan ƙarfe suka daina shigowa, alhali da su ake yin kwanson harsashi da wayoyi da sulken jirage. Gwamnatin da ta kai ga sauke ƙararrawar coci a 1917 don a narkar ba za ta bar jan ƙarfe yana yawo a aljihun mutane ba. Daga 1915 aka koma buga fenik biyar da baƙin ƙarfe, a 1916 fenik goma ya biyo baya, a 1917 aka shigo da tutiya, fenik ɗaya kuma ya koma na alminiyam. Tsofaffin kwandalolin nikel aka riƙa tattarawa ana kai wa masana'antun makamai. Waɗanda ba a tattara ba, jama'a suka riƙe. Ba sai an koya wa kowa ba: in kana da kwandala biyu masu daraja ɗaya a rubuce, ɗaya ta azurfa ɗaya ta ƙarfe mai tsatsa, ka san wadda za ka miƙa wa mai shago da wadda za ka kai ƙarƙashin katifa. Hukuma ta kai ga baƙanta fuskar rabin mak na azurfa a ƙarshen yaƙin, wai ko mutane za su ɗauka ba azurfa ba ce su sake ta. Ba su sake ba.

A daidai lokacin da tsaba ke raguwa, buƙatarta ƙaruwa take yi. Miliyoyin sojoji sun tafi da canji a aljihu zuwa Beljiyam da Faransa da Poland, bai dawo ba. Tun 1915 aka fara rabon burodi da kati, daga baya nama da man shanu da dankali, kowane mutum da ɗan ma'auninsa a kan ƙayyadadden farashi. Matar da a da take sayen kayan mako guda a zuwa ɗaya, yanzu sai ta bi layi sau da yawa, kowane layi da nasa 'yan fenik. Ga kuma mitocin gas na gidajen ma'aikata, waɗanda sai an jefa fenik goma suke sakin wuta, suna riƙe tsabar har ranar da mai karɓa zai zo ya buɗe.

Wannan wahala ba kowa ta shafa daidai ba, kuma a nan nake ganin ainihin labarin yake. Mai hali yana da asusu a banki, mai shago ya san shi, zai rubuta masa bashi zuwa ƙarshen wata. Lebura da matar soja da tsohuwa mai ɗan fansho su ne masu ciniki da fenik. In babu canji, ko dai su bar ragowar kuɗinsu wurin mai burodi, ko su karɓi abin da ba su nema ba. Duk wanda aka taɓa miƙa wa alewa ko ashana a shago a madadin canjinsa ya san yadda abin yake, sai dai su nasu ya faɗo ne a hunturun 1916 zuwa 1917, lokacin da dankali ya lalace, yunwa ta shiga birane.

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Majalisun garuruwa suka ce tunda Berlin ta kasa, su za su yi. Abu biyu ne ya ba su wannan ƙarfin hali. Na farko, garuruwan Jamus sun daɗe da 'yancin tafiyar da harkokinsu. A Prussia tun dokar birane ta 1808, wadda minista Freiherr vom Stein ya tsara, gari yake da majalisarsa da baitulmalinsa, kuma galibinsu suna da bankin ajiya nasu na kansu. Na biyu, kuɗin yanki ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen. Dattijo ɗan shekara sittin a 1917 ya yi wayo ne lokacin da arewa ke ciniki da taler, kudu da gulden da kreuzer, Hamburg da Bremen kowanne da nasa. Kuɗin ƙasa ɗaya shekara arba'in da 'yan kai kawai ya yi da kafuwa.

Yadda ake yi ba wuya. Majalisa ta zauna ta yanke adadi, a aika wa ɗaya daga cikin kamfanonin da a da suke ƙera lambobin yabo da maɓallai da alamun shagunan giya, irin su L. Chr. Lauer a Nürnberg ko Mayer & Wilhelm a Stuttgart. Su kuma su buga a kan tutiya ko baƙin ƙarfe: sunan gari da tambarinsa a fuska ɗaya, adadin fenik a ɗaya fuskar. Da gangan ake yi musu kusurwa takwas ko huɗu, ko a huda su, ko a yi musu baki mai lanƙwasa, don kada a rikita su da kuɗin gwamnati, don kuma hannu ya bambance biyar da goma ko cikin duhu. Da yawa ba a rubuta musu kalmar kuɗi kai tsaye ba, sai a ce alama ce mai maye gurbin canji, saboda a doka buga kuɗi haƙƙin ƙasa ne ita kaɗai. Hukumomin sama ba su halatta ba, ba su kuma hana ba. Sun kau da kai, bisa sharaɗin gari ya ajiye kuɗi na gaske daidai da abin da ya fitar, ya kuma yi alkawarin fansa. Ranar fansar ana shelanta ta a jaridar gari, a ba da wa'adi, wanda ya wuce wa'adin ya yi asara.

Abin ya yi aiki, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya fitar da kuɗin yana nan kusa. Ofishin baitulmali yana bakin kasuwa, ana iya zuwa da ƙafa, ana karɓar kwandalar a biyan haraji da kuɗin ruwa da na gas. Abin da ke hannun mutum kuma bai taka kara ya karya ba, ko da garin ya saɓa alkawari. Kamfanoni ma suka shiga: ma'adinai da masaƙu da shagunan haɗin gwiwa na ma'aikata kowa ya buga nasa, sansanonin fursunonin yaƙi kuma suna da nasu daban don kada wanda ya tsere ya sami abin kashewa a waje.

An ajiye makamai a Nuwamban 1918, amma ƙarancin canji bai ajiye ba, ƙaruwa ma ya yi. Sarkin Jamus ya sauka, juyin juya hali ya ɓarke, sojoji suka dawo gida, ga yajin aiki ko'ina. Makonni kaɗan kafin nan babban bankin da kansa ya roƙi manyan birane su buga takardun mak biyar da goma da ashirin domin injinansa sun gaza. Dala ɗaya ta Amurka, wadda take mak 4.20 a 1914, ta haura mak sittin a farkon 1920. A watan Fabrairun wannan shekara azurfa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba a kasuwar Landan, har ta kusa kai peni 90 a kan oza guda. Azurfar da ke cikin mak ɗaya ta ninka mak ɗin sau da yawa, gwamnati ta hakura ta soke kwandalolin azurfa daga zama kuɗi. Ta buga fenik hamsin na alminiyam daga 1919, miliyoyi barkatai, su ma aka riƙa ɓoyewa, domin mutanen da suka ga takarda tana narkewa a hannunsu sun fi yarda da kowane irin ƙarfe. Saboda haka shekarun 1919 zuwa 1921 su ne ganiyar kuɗin garuruwa. Hukumar taragon cikin gari ta Nürnberg da Fürth ta buga fenik ashirin na alminiyam masu zane iri 45, da gine-ginen birnin da fuskokin mashahuransa irin su mai zane Albrecht Dürer. 'Yan kasuwa kuma suka riƙa sa kan sarki cikin ɗan gwangwani mai murfi garai-garai, tallarsu a baya, a miƙa shi a matsayin canji.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Meissen, a jihar Saxony. Garin yana da masana'antar tangaran tun 1710, wadda ta fara yin tangaran na gaske a Turai. Da ƙarfe ya yi wuya, shugabanta Max Adolf Pfeiffer da mai sassaƙa Paul Börner suka ce ƙasa dai ba ta ƙare ba. Suka koma ga wani jan yumɓu mai tauri wanda Johann Friedrich Böttger ya ƙirƙiro shekara ɗari biyu kafin nan, suka matsa shi cikin zubi, suka gasa. Aikin yana da wuya, domin yumɓu yana tsukewa a wuta, dole a yi zubin ya fi girman kwandalar da ake so. Abin da ya fito launin ƙasa-ƙasa ne, marar nauyi, ba ya tsatsa, ana iya wanke shi da ruwan zafi, kuma ɗan jabu ba zai iya kwaikwayonsa a bayan gida ba. Kowace kwandala tana ɗauke da takubba biyu a gicciye, tambarin masana'antar. An gwada wa gwamnatin tarayya samfuri a 1920 ba ta ɗauka ba, amma jihar Saxony ta fitar da su a 1921, daga fenik ashirin zuwa mak ashirin. Ba su daɗe a kasuwa ba. Wasu sun fashe, amma mafi yawa kyansu ne ya ɓatar da su: wanda ya samu sai ya adana.

Ba Jamus kaɗai ba ce. A Ostiriya garuruwa da ƙauyuka fiye da dubu sun buga nasu a 1920, wasu a kan falankin katako. A Faransa majalisun 'yan kasuwa na birane ne suka ɗauki nauyin tun 1914, kuma bayan an daina buga faran na azurfa a 1920, kwandalolin rawaya da suka maye gurbinsa da sunan majalisun 'yan kasuwa aka buga su, ba da sunan gwamnati ba. Guguwar ta iso har Afirka ta Yamma. A yankin da Faransa ke mulka an fitar da ƙananan takardu na rabin faran da faran ɗaya da biyu a 1917, kuma a 1920 majalisun 'yan kasuwa na Dakar da Rufisque da Kayes suka buga tsabarsu ta alminiyam. A Najeriya sulen azurfa ne ya yi ƙaranci, daidai lokacin da cinikin gyaɗa ke bunƙasa a Kano. A Disambar 1918 gwamnatin mulkin mallaka ta buga takardun gaggawa a Legas, har da ta sule ɗaya. Manoma ba su so takarda ba, kuma suna da hujja: gara tana ci, ruwa yana lalatawa, gobara tana cinyewa, wanda ya fitar da ita kuma yana can nesa inda ba a iya zuwa a tambaye shi. Sau da yawa sai an rage mata daraja kafin a karɓa. A 1920 hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma ta fara kawo sule da sisi da taro na gaurayen tagulla a madadin azurfa.

A Jamus kuwa, wajen 1921 al'amarin ya sauya fuska. Garuruwa sun lura cewa duk kwandala ko takardar da ba a dawo da ita fansa ba riba ce ga baitulmali, kuma masu sha'awar tarawa sun yi yawa, da kasuwarsu da mujallunsu da kundayen liƙawa. Sai aka shiga buga takardu jeri-jeri, huɗu ko shida ko goma sha biyu, masu launi, kowane jeri da labarinsa. Hameln ta zana mai sarewar da ya kwashe ɓeraye, Erfurt da Eisenach suka zana Martin Luther. Bankin ajiya na Bielefeld, ƙarƙashin Paul Hanke, ya buga nasa a kan siliki da lilin da karan-miski, aka yi ta sayarwa har ƙasashen waje. Yawancin waɗannan ba su taɓa shiga hannun mai burodi ba. Daga maɗaba'a sai ambulan ɗin dillali. Wasu dillalan ma har garuruwan da babu su suka ƙirƙira. A kan waɗannan takardu ne kuma ake karanta zuciyar ƙasar a lokacin: kukan yarjejeniyar Versailles da diyyar yaƙi, da zagin 'yan ɓoye kaya, da ƙiyayyar Yahudawa a fili, kamar jerin da garin Sternberg ya fitar a 1922 mai nuna ƙona Yahudawa da aka yi a can a 1492. Hukumar gari ce ta buga wannan, shekara goma sha ɗaya kafin Hitler ya hau mulki.

Yau in an ce Notgeld, waɗannan kyawawan takardu ake nunawa a gidajen tarihi da littattafai. Ni a ganina an juya abin. Waɗanda suka ɗauki nauyin jama'a su ne munanan, 'yan tutiyar nan da suka yi fari-fari da na ƙarfen da tsatsa ta cinye, waɗanda hannu ya goge har rubutunsu ya dushe.

Ran 17 ga Yulin 1922 gwamnati ta kafa doka ta haramta fitar da kuɗin larura. Dokar ba ta yi wata uku tana aiki sosai ba. Farashi ya riga ya ɓalle, ma'aikatan maɗaba'ar gwamnati sun yi yajin aiki, albashi ya gagara biya, dole aka sake ba garuruwa da kamfanoni izini. Sai dai wannan karon ba maganar canji ake ba, domin fenik ya riga ya mutu. Bayan Faransa da Beljiyam sun mamaye yankin Ruhr a Janairun 1923, gwamnati ta riƙa buga kuɗi tana biyan masu yajin ƙin mamaya, mak ya faɗi warwas. Fiye da hukumomi da kamfanoni dubu biyar suka fitar da nasu kuɗin a wannan shekara, da yawa ba tare da ajiyar komai a bayansa ba. Abin da ya fara a matsayin magani ya zama ɓangare na cutar. Garin Pößneck ya buga a kan fata, wani kamfani a Teningen a kan fallen alminiyam. Lardin Westphalia ya buga manyan kwandaloli da doki a fuska ɗaya da hoton vom Stein a ɗaya, mutumin da ya ba birane 'yanci ya kuma yi adawa da Napoleon, saƙo ne ga Faransawan da ke zaune a Ruhr. Mafi girmansu an rubuta mata mak tiriliyan ɗaya, kuma kafin ta fito daga maƙera a 1924 hauhawar ta wuce, sai aka sayar da ita a matsayin abin tunawa. Wasu wuraren sun nemi mafita ta hankali, suka fitar da takardun da aka ɗaure darajarsu da ma'aunin hatsi ko kwal ko zinariya.

Ran 15 ga Nuwamban 1923 aka fito da sabon kuɗi, Rentenmark. Ran 20 ga wata aka tsayar da dala a kan mak tiriliyan 4.2, sabon mak ɗaya ya zama daidai da tsohon tiriliyan ɗaya. Hjalmar Schacht, wanda aka ɗora wa aikin gyaran kuɗin, ya tsaya kai da fata a kan cewa babban banki ya daina karɓar kuɗin larura, duk da ƙorafin manyan masu masana'antu na Rhine da Ruhr da suka saba biyan ma'aikata da takardar da suka buga da kansu. Da banki ya rufe ƙofa, kuɗin garuruwa ya rasa inda zai koma, cikin 1924 aka gama janye shi. Aka buga sababbin fenik biyar da goma da hamsin na rawayan ƙarfe masu zangarniyar hatsi. Da aka ga ƙananan ba su isa ba, a Fabrairun 1924 gwamnati ta ba da sanarwa cewa tsofaffin fenik ɗaya da biyu na jan ƙarfe na zamanin sarki sun dawo aiki da cikakkiyar darajarsu a sabon kuɗi. Wanda ya ajiye mak dubu a banki tun 1914 ya tashi da babu, wanda ya cika gwangwani da jan fenik ya fito da shi ya kashe.

Bayan yaƙin duniya na biyu canji ya sake ɓacewa. A 1947 jihohi uku na yankin da Faransa ke riƙe da shi, Baden da Rheinland-Pfalz da Württemberg-Hohenzollern, suka buga takardun fenik biyar da goma da hamsin, wasu garuruwa kuma suka sake fitar da nasu, har zuwa sauyin kuɗi na Yunin 1948.